Alƙalin Aro da Alƙalin Haya

'Yar wani abokina, lauya ce da ba ta daɗe da fitowa daga makarantar lauyoyi ta Bwari ba, ta aiko mini da takardar neman aikinta in duba mata. Aikin na zamani ne: wata ƙungiya za ta riƙa tura ta ƙasashe tana koya wa alƙalai yadda ake tafiyar da kotu. A wajen gogewa ta rubuta cewa ta taɓa halartar bita a Gambiya. Da na tambaye ta wace kotu ta shiga a can, sai ta ce, "Baba, ai a otal aka yi, a bakin teku." Ban ga laifinta ba, haka ta tarar ana yi. Amma tun daga ranar nake ganin ya kamata wani cikinmu da muka yi wannan aiki kafin ya koma otal ya faɗi yadda yake, tunda mun fara ƙarewa, kuma sunan da aka laƙaba mana a can ba mai daɗin ji ba ne.

Yaran yanzu sun ɗauka Amurkawa ne suka fara tura lauya ya je ya taimaki wata ƙasa don sa-kai. Abin da aka koya musu ke nan: a 1990, bayan faɗuwar katangar Berlin, Ƙungiyar Lauyoyin Amurka ta kafa shirin CEELI, lauyoyi suka riƙa rufe ofisoshinsu suna tarewa shekara guda a ƙasashen Gabashin Turai ba albashi, suna taya rubuta tsarin mulki da dokoki. Sun yi aiki, ban ƙwace musu ba. Sai dai shirinmu na Najeriya na tura ƙwararru ƙasashen waje, wato TAC, ya girme nasu da shekara uku. A 1987 aka kafa shi, zamanin Babangida, Farfesa Bolaji Akinyemi yana ministan harkokin waje, bisa tunanin cewa maimakon Najeriya ta riƙa miƙa wa ƙasashen Afirka da Karibiyan da Fasifik tsabar kuɗin da ba a sanin inda suke shiga, gara ta ba su mutane. Tun kafin abin ya sami suna da ofis ma, Sir Udo Udoma ya riƙe kujerar Alƙalin Alƙalan Yuganda daga 1963 zuwa 1969, Akinola Aguda ya zama ɗan Afirka na farko da ya hau ta Botswana a 1972, Emmanuel Ayoola kuma ya riƙe ta Gambiya daga 1983 har 1992.

Mu 'yan Arewa ya fi kamata mu gane darajar abin, domin da hannun aro aka gina tamu shari'ar. Malamai daga Sudan ne suka zo suka koyar a makarantar shari'a ta Kano da aka buɗe a 1934, wadda daga baya ta zama Makarantar Nazarin Larabci. Kwamitin masana na 1958 da ya share hanyar Final Kod, Alƙalin Alƙalan Sudan Sayyid Muhammad Abu Rannat ne shugabansa, tare da Mai Shari'a Muhammad Sharif daga Pakistan da Farfesa Anderson daga Landan. Saboda haka ranar da sunana ya fito cikin waɗanda za su Gambiya, a ƙarshen shekarun 1990, wani tsohon alƙalin kotun yanki a garinmu cewa ya yi bashi zan je in biya.

Tsarin ba shi da wuyar ganewa. Shekara biyu ce, Najeriya ke biyan alawus, mai masauki ya ba da gida, kuma kujerarka ta ma'aikatar shari'a ta jiharku tana nan tana jiranka. A lokacin na ɗauki wannan a matsayin ƙa'idar ofis kawai. Zan dawo kansa.

Gambiya a lokacin ba ta da inda take haifar lauyoyinta. Jami'arta sai 1999 aka kafa, sashen shari'a sai 2007, makarantar lauyoyi kuwa sai 2011. Duk wanda ka gani da hular gashi a Banjul, a waje ya yi karatu, da yawansu a wurinmu: Hassan Jallow ta makarantar lauyoyi ta Legas ya bi, Fatou Bensouda a Ife ta yi digiri sannan ta wuce Legas ɗin. Waɗanda suka dawo gida kuma akasarinsu ofis suke buɗewa, domin albashin kujerar alƙali bai kai abin da lauya mai zaman kansa ke samu a Banjul ba. Ga sabon tsarin mulki na 1997 ya zo da Kotun Ƙoli ta gida maimakon ɗaukaka ƙara zuwa Landan. Kujeru sun ƙaru, mazauna ba su ƙaru ba. Sai Najeriya, sai Gana, sai Saliyo.

Abokan tafiyata 'yan Inugu da Ibadan kamar gida suka sauka, saboda kundin laifuffukan Gambiya na 1933 ɗan'uwan Kiriminal Kod ɗinsu ne. Ni da na tashi a kan Final Kod, sai da na koma ɗalibi, ina kwana da littafin da na ajiye tun jarrabawar makarantar lauyoyi. Su aka bar su a Banjul da Kanifing. Ni aka ce tunda Musulmi ne kuma ina jin Fillanci, a kai ni can saman kogi, gabas, wajen Basse. Fillancin nawa na Gombe gaisuwa da cinikin nono kaɗai ya iya yi mini a can, amma wanda ya rubuta takardar turawar bai san da bambancin ba.

A can na tarar da Pa. Haka kowa yake kiransa, haka suke kiran dattijo a ƙasar. Magatakardan kotu ne, ya fara aiki yana yaro tun ana lissafi da fam da sule, kafin a kawo dalasi a 1971. Yana jin Mandinka da Wolof da Fillanci da Sarahule, Turancinsa kuma irin na tsofaffin akawu ne, mai tsafta, ba gaggawa. Majistarori baƙi da suka wuce ta hannunsa shi kansa ya daina ƙirgawa. Bai taɓa zama a gabana ba sai na ce ya zauna, kuma ban taɓa yanke wani abu mai nauyi a kotun nan ba tare da na kalli fuskarsa ba.

Majistare ya rubuta shaida da hannunsa, wannan har gobe ana yi a kotuna da dama a nan gida. Abin da ya ɓace shi ne maimaitawa. In mai shaida ya gama, Pa zai taso ya karɓi littafin, ya karanta abin da na rubuta layi bayan layi, yana mayar da shi harshen mutumin, yana tsayawa a kowace gaɓa har sai ya ce haka ne. Sannan in sa hannu. Yana cin lokaci ƙwarai. Shari'ar da za a gama kafin azahar sai ta kai la'asar, 'yan sanda masu gabatar da ƙara suna ta duba agogo, ɗakin kwano ne, zafin gabashin Gambiya kuwa a watan Afrilu bai bar na Nguru da komai ba. Pa bai taɓa tsallake layi ɗaya ba.

Wata rana wata mata ta kawo ƙarar wani ɗan tireda da ya karɓi kuɗinta zai sayo mata kaya a Velingara, tsallaken iyaka cikin Senegal, ya dawo hannu rabbana. Wani saurayin tafinta, tashin Banjul, shi ya fassara. Ta ce dubu goma, ya ce dubu goma, na rubuta sefa dubu goma. Wanda ake ƙara ya amsa nan take cewa ya yarda, zai biya a ranar. Saurin amsawar ne ya sa Pa ya ɗaga kai. Da ya zo maimaitawa, ya isa wurin kuɗin, sai ya rufe littafin ya tambaye ta takarda nawa ta ƙirga masa, kuma wace iri. Ta ce takarda goma, 'yan dubu biyar-biyar. Mutumin Maraɗi ko Damagaram ba ya bukatar a yi masa bayani: in ya ce dala ashirin, sefa ɗari yake nufi. Haka su ma a kasuwannin kan iyaka biyar-biyar suke ƙirga sefa da harshensu. Dubu hamsin take bi. Pa ya miƙo mini littafin ya ce, "Ranka ya daɗe, a gyara layi na huɗu." Bai kalli saurayin ba, bai ƙara kalma ba. Da yamma na hango su a ƙarƙashin mangwaro, Pa ya baje takardun sefa da na dalasi a kan benci yana sa shi ya ƙirga da harshe uku.

Akwai kuma littafin. Ba na gwamnati ba ne, ba shi da lamba a rajista: wani ƙaton littafi ne mai baƙin bango da Pa ke ajiyewa a akwatin ƙarfe, kowane baƙon majistare yakan rubuta wa na bayansa abin da ya koya. Da rubutun mutumin Gana, da na mutumin Saliyo, da na wani ɗan Najeriya da ya riga ni. Ba fiƙihun doka a ciki. Kada ka sa shari'ar manomi ranar lumo, wato kasuwar mako, ba zai zo ba kuma ba raini ba ne. In an fara cinikin gyaɗa bayan kaka, shari'ar bashi za ta ninka, ka shirya. Rigimar gona ta kotun hakimi ce, in an kawo maka ita cikin rigar laifin kutse, ka gane ta. Abin da aka ja wa layi biyu shi ne: kowane wata ka je gidan yari da kanka, ka ƙirga masu jiran shari'a da idonka, ka gwada da takardun tsarewar da ka sa wa hannu. Na yi, kuma ba sau ɗaya ba na tarar da mutumin da takardarsa ta ƙare tun tuni, ba wanda ya ƙi shi, an dai manta da shi ne.

Abu na uku, bayan maimaitawa da littafin, ba a rubuta shi ko'ina ba, amma duk wanda ya yi aikin a zamaninmu ya san shi: ba ka zama kai kaɗai. Akwai ɗan ƙasa a gefenka, akawu ko ƙaramin majistare, kana ba shi shari'a ya rubuta hukunci a gida, ka gyara da jan biro, ya sake. Baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. In wa'adinka ya cika ba ka bar wanda zai iya hawa kujerar ba, ka yi zaman banza ko da hukunci dubu ka yanke.

Ranakun Asabar kuwa na alƙalin Musulunci ne, wanda suke kira Kadi. Kotunansu aure da saki da gado suke ji, sashe na 137 na tsarin mulkin ya tanade su, ta Banjul kuwa tun 1905 take. Ban da hurumi a can, zumunci ne ya kai ni. Dattijon ba ya jin Turanci, ni ba na jin Mandinka, sai muka haɗu a Larabcin zaure. Ya ɗauko Risala da Tuhfa da Muhtasar, littattafan da na gani a gaban kakana, har irin rubutun gefe da ɗalibai ke yi. Mukan kwana biyu a kan mas'alar gado ɗaya, yana dafa ataya, yana dariyar yadda nake furta wasu baƙaƙe. A nan na gane cewa Bahaushen lauya yana da abin da zai kai Gambiya wanda ba Ba'amurke ko Baturen Ingila da zai iya kaiwa, kuma har na bar aiki ban ga an yi amfani da wannan yadda ya kamata ba. Aka yi ta turo wa Kadi-Kadi ƙwararru daga Turai su koya musu haƙƙin mata, ta bakin tafinta, alhali da an sami wanda zai buɗe musu babin nafaƙa a littafin da suka yarda da shi, da an fi saurin isa.

To, batun kujerar da ke jira a gida. Wata rana wani mai muƙami a yankin ya aiko a gaya mini cewa wasu samari da aka kama bayan wani taro, ba a so a ba su beli. Laifin da aka rubuta musu na beli ne. Na ba su. Abin da ya biyo baya shi ne man motar rangadi ya daina zuwa na wani lokaci, muka koma bin motar haya ni da Pa da akwatin takardu. Kada wani ya kira wannan jarumta. Lissafi ne: iyakar abin da mutumin zai iya yi mini shi ne ya sa a mayar da ni gida, inda albashina da kujerata da iyalina suke. Cikina ba a hannunsa yake ba.

Wanda ya zo da ƙafarsa ya karɓi kwantiragi daga gwamnatin ƙasar, lissafinsa daban ne. Albashinsa daga can, gidansa daga can, sabunta takardarsa sai an ga dama a fadar shugaban ƙasa, kuma sau da yawa kujerar da yake kai ta fi duk wadda zai taɓa samu a gida. Yahya Jammeh, da ya ƙwaci mulki ranar 22 ga Yuli 1994, ya gane wannan da wuri, kuma da shekaru suka tafi ya ƙware a kai. A dubi kujerar Alƙalin Alƙalai kaɗai: Emmanuel Agim daga 2009 zuwa 2013, Joseph Wowo, wanda aka sauke a 2013 kuma daga baya ya tsinci kansa a kurkuku, Mabel Agyemang ta Gana, da aka sallama a farkon 2014, Ali Nawaz Chowhan na Pakistan zuwa 2015, sannan Emmanuel Fagbenle. Duk baƙi, uku 'yan Najeriya. Wanda ke ƙasa da su yana kallon yadda ake sauya na sama, ba ya bukatar a buga masa waya. A Yulin 2016, da aka ɗaure madugun adawa Ousainou Darboe da abokansa shekara uku saboda sun fito neman a nuna musu Solo Sandeng, wanda ya mutu a tsare, alƙaliyar 'yar Najeriya ce, babban mai gabatar da ƙara ma ɗan Najeriya ne. Daga irin wannan sunan "alƙalan haya" ya kama mu, kuma da hukumar gaskiya da sulhu ta fara zama a 2019, aka sake jin yadda aka yi amfani da kotuna, sunan ya ƙara zama.

Abin yana mini ciwo. Na san malaman jami'a 'yan Najeriya da suka koyar da rukunonin farko na ɗaliban shari'a a can, na san lauyoyin gwamnati da suka tsufa a kan tsara dokoki da ba mai tuna wanda ya rubuta, na san wanda zazzaɓi ya kusa kashewa a saman kogi. Yau in ka ce ka yi aikin shari'a a Gambiya zamanin Jammeh, sai ka ga an sauya maka kallo. Amma ba zan ce lauyoyin Gambiya da suka yi ta ƙorafi ba su da gaskiya ba. Ba duk na aro ne ya tsaya ba, ba kuma duk na haya ne ya sunkuya ba. Akwai ma abin da ya fi wannan nauyi: muddin akwai baƙon da zai cike kujera, mai mulki ba ya bukatar ya lallashi lauyoyin ƙasarsa, ba ya bukatar ya gyara albashin alƙali ko ya ba shi tabbacin aiki. Ko mu da muka je da zuciya ɗaya mun sauƙaƙa masa wannan. Ayoola ya yi shekara tara zamanin Jawara, shugaban da Jammeh ya kifar, ba wanda ya kira shi ɗan haya. Mutumin da ke fada ne ya sauya, mu kuma muka ci gaba da aikawa kamar ba abin da ya faru.

Masu bita ba su da wannan matsalar, domin ba sa daɗewa har wani ya neme su da wata alfarma. Su sauka Litinin, su raba jaka da biro da kuɗin zama, su ɗauki hoto, Alhamis suna jirgi, rahoto ya ce an horar da alƙalai kaza. Na taɓa komawa ziyara na ga na'urar naɗar magana da wata ƙungiya ta bayar, a lulluɓe da ƙyalle, ba wuta, ba mai gyara, ba mai mayar da abin da ta naɗa rubutu. An daina maimaita wa mai shaida maganarsa saboda an ce na'ura ta zo, na'urar kuma ba ta aiki. Littafin baƙin bango ba wanda ya san inda yake tun da Pa ya yi ritaya. Su kansu Amurkawan, CEELI ɗinsu ta narke cikin wani babban shiri a 2007, aikin ya ƙara komawa na ma'aikata da tallafi, kuma da aka rufe hukumar tallafin Amurka ta USAID a 2025 aka ga yawan ofisoshin da numfashinsu ke rataye da kuɗin waje. Wanda ya koyi rubuta hukunci a ƙarƙashin jan biro ba a iya janye masa tallafi.

Ina da aboki da muka yi zamani tare a can, har yau muna jayayya a kan Janairun 2017. Jammeh ya sha kaye a hannun Adama Barrow ranar 1 ga Disamba 2016, ya amince, bayan mako guda ya janye, jam'iyyarsa ta garzaya Kotun Ƙoli. Kotun kuwa ta fi shekara ba ta zauna ba, domin ba ta da alƙalai sai shugabanta. Aka nemi a kawo daga Najeriya da Saliyo. Walter Onnoghen, yana riƙon ƙwaryar Alƙalin Alƙalan Najeriya, ya amsa cewa alƙalanmu a watan Mayu da Nuwamba suka saba zuwa, Janairu bai yi ba. Ranar 10 ga wata Fagbenle ya zauna shi kaɗai ya ɗage. Da aka kawo masa buƙatar hana rantsar da Barrow, ya ce sunansa yana cikin ƙarar, ba zai ji ta ba. Barrow ya yi rantsuwa a ofishin jakadancin Gambiya da ke Dakar ranar 19, Jammeh ya hau jirgi ranar 21, a Fabrairu kuma Hassan Jallow ya hau kujerar Alƙalin Alƙalai.

Ni ina cewa a duk waɗancan shekarun na ƙarshe, ba taimakon da alƙalan Najeriya suka yi wa Gambiya da ya kai na ranar da suka ƙi hawa jirgi. Abokina yana cewa ina yi wa jadawalin aiki kwalliya ne kawai, cewa wasiƙar kalanda ta faɗa, ba ta faɗi aƙida ba, kuma da rikicin ya faɗo a watan Mayu da wani ya je. Ya fi ni sanin mutanen da aka sa sunayensu, don haka ba na iya rufe masa baki. Abin da nake mayar masa shi ne, waɗanda aka nema ɗin duk suna da kujerunsu a gida.